Haƙoran dashe masu zaman dindindin: yadda ake kafa su a ƙashi, da abin da ke biyo baya

Gwaggona tana da haƙoran roba sama da ƙasa, amma da an ajiye abinci sai ta ɗan juya baya, ta zare na ƙasan, ta ƙulle su a gefen mayafi, sannan ta sa hannu a kwano. Na daɗe ina ganin haka ban gane dalili ba. Ranar da na tambaye ta, cewa ta yi, "Ɗan nan, na saman suna zama lafiya. Na ƙasan kuwa yawo suke yi a baki, ga gugar dasashi." Shekara da shekaru rabonta da tsire. Naman Sallah sai an mayar mata da shi dambu, goro kuwa sai an goga a magogi. Dalilinta ne na shiga bin diddigin haƙoran da ake dasawa a ƙashi, waɗanda mai su ba ya cirewa dare ko rana.

Kukan da take yi ba laifin wanda ya haɗa mata haƙoran ba ne. Ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙori yana nan ne saboda aikin da haƙorin ke ba shi. Duk taunar da mutum ya yi, nauyinta yana bi ta saiwa ya sauka a ƙashi, jiki kuma ya ci gaba da gina wurin. Da an cire haƙori, sai jiki ya ga ba shi da sauran buƙatar wannan ƙashi, ya fara janye shi. Wani bincike da aka wallafa daga Denmak a 2003 ya nuna cewa faɗin ƙashin wurin da aka cire turmi yana raguwa da kusan rabi cikin shekara guda, kuma kashi biyu bisa uku na wannan raguwa a wata ukun farko yake faruwa. Zaizayar ba ta tsayawa nan, tana ci gaba a hankali har ƙarshen rayuwa, kuma ta fi cin muƙamuƙin ƙasa ninkin ba ninkin. Shi ya sa za ka ga tsohon da ya daɗe babu haƙori leɓensa ya shige ciki, haɓarsa ta matso hanci.

Haƙoran roba na sama suna da ganda mai faɗi da za su manne a kai. Na ƙasa ba su da komai sai ɗan siririn tudu, ga harshe yana tura su daga ciki, ga kumatu daga waje, tudun kuma kullum raguwa yake yi. Matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 350 ba su da haƙori ko ɗaya a baki, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara 60 kusan kashi 23 cikin ɗari ne.

Mafitar ta fito ne daga inda ba a neme ta ba. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi a jami'ar Lund. Ya dasa wasu ƙananan kwalaye na ƙarfen titaniyom a ƙashin ƙafar zomaye domin ya riƙa leƙawa da madubin likita. Da ya gama ya zo cire su, suka ƙi fita. Ƙashin ya tsiro ya rungume ƙarfen, babu ko siririn nama a tsakaninsu. A al'adar jiki, duk baƙon abin da ya shige shi yakan kewaye shi da tsoka mai kama da tabo, ya ware shi gefe. Titaniyom yana da wata siririyar fata da ke samuwa a kansa da zarar ya haɗu da iska, kuma ƙwayoyin ƙashi suna yarda su zauna kai tsaye a kanta. A 1965 Branemark ya dasa ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gosta Larsson a birnin Gotenbag. Mutumin ya rasu a 2006, ƙusoshin suna nan suna aiki bayan shekara 40. Likitocin haƙori sun daɗe suna ɗari-ɗari da maganar, sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, inda aka baje sakamakon shekaru masu yawa, sannan duniya ta karɓa.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini zai fahimci tsarin nan da nan. Ƙashin muƙamuƙi shi ne ƙasar da za a yi gini a kai. Ƙusar titaniyom mai zare, wadda kaurinta yake wajen milimita 4, tsawonta kuma galibi tsakanin milimita 8 zuwa 15, ita ce fandisho, a cikin ƙashi take, ba a ganin ta. A kanta ake ɗaura wani ɗan mahaɗi da ke ɓullowa ta dasashi, shi ne fila. Sai jerin haƙoran, guda goma ko goma sha biyu a haɗe wuri ɗaya a kan gada, su zauna a kan filolin kamar yadda dakin ke zama, a ɗaure su da ƙananan notuna, a toshe ramukan notunan. Mai haƙoran ba zai iya cire su ba. Likita ne kawai ke da abin kwancewa.

Mutane da yawa suna zaton kowane haƙori sai an dasa masa ƙusarsa. Ba haka ba ne, kamar yadda ba kowane bulo ake yi wa fila ba. Ƙusa huɗu zuwa shida sun isa su ɗauki muƙamuƙi guda. Inda aikin yake shi ne sanin inda za a kafa su, domin baki ba fili ba ne da za a haƙa duk inda aka ga dama. A muƙamuƙin ƙasa akwai wata babbar jijiya da ke bi ta cikin ƙashi daga baya, ta ɓullo ta wani ɗan rami a ƙarƙashin ƙananan turame. Ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Idan abin huda ya taɓa ta, mutum zai iya zama da mataccen leɓe na watanni, wani ma har abada. A muƙamuƙin sama kuma akwai kogon iska a kowane gefen hanci, daidai saman turame, kuma idan turamen suka tafi kogon yakan faɗaɗa ya sauko, har ƙashin da ya rage ya zama ɗan siriri. Ga shi ƙashin sama ya fi na ƙasa taushi, shi ya sa likitoci da yawa suka fi natsuwa da ƙusa shida a can.

Wani likita ɗan ƙasar Fotugal, Paulo Malo, shi ya shahara da dabarar kauce wa waɗannan wurare biyu. A ƙarshen shekarun 1990 a Lisbon ya fara dasa ƙusa huɗu kawai: biyu a gaba a tsaye, biyu a baya a karkace, har zuwa digiri 45. Karkatarwar tana sa gindin ƙusar ya zauna a ƙashin gaba mai ƙwari, kanta kuma ya fito can baya inda nauyin tauna yake, ba tare da an kusanci jijiya ko kogon iska ba. Wannan tsari shi ne ake tallatawa da sunan All-on-4, tare da kamfanin Nobel Biocare. A rahoton da Malo da abokan aikinsa suka fitar a 2011 kan mutum 245 da aka dasa wa ƙusa 980 a muƙamuƙin ƙasa, kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙusoshin suna nan daram a bibiyar da ta kai shekara goma. Alƙaluma ne masu kyau, amma a tuna daga asibitin wanda ya ƙirƙiro dabarar suka fito, hannun da ya fi kowa sanin ta. Kuma ginin da ke kan fila huɗu ba shi da rara: ɗaya ta gaza, duka gadar ta shiga matsala.

Idan ƙashi ya yi ƙaranci ƙwarai, akwai hanyoyin ƙara shi. Ana iya ɗaga fatar da ke shimfiɗe a kogon iskar nan a cusa garin ƙashi a ƙarƙashinta, a jira watanni ya ƙanƙare. Ana iya dasa dogayen ƙusoshi, wasu har sun haura milimita 50, su wuce muƙamuƙi su kama ƙashin kunci, aikin da ba kowane likita ke taɓawa ba. A nan akwai abin da ya kamata Musulmi ya tambaya. Garin ƙashin da aka fi amfani da shi, Bio-Oss, daga ƙashin saniya ake sarrafa shi, amma fatar da ake rufe garin da ita, Bio-Gide, wadda kamfanin Bio-Oss ɗin ne ke yin ta, daga jikin alade ake samo ta. Likita a Turai ko Indiya ba lalle ya kawo maganar da kansa ba. Akwai wasu da ba su da alaƙa da alade, har da waɗanda ba daga dabba suke ba sam, saboda haka wanda abin ya dame shi ya faɗa tun kafin ranar aiki.

Ranar aikin kanta ba ta kai yadda ake tsoron ta ba. Kafin nan an ɗauki hoton sikanin da ke nuna tsawo da faɗi da kaurin ƙashin, da inda jijiya ta bi. Hoton haƙori na yau da kullum, mai fuska ɗaya, ba ya nuna kauri, kuma ni dai ba zan kwanta wa wanda zai huda mini muƙamuƙi duka da shi kaɗai ba. Yawanci allurar kashe zafi ta wadatar, wani lokaci a haɗa da maganin sa gyangyaɗi. Ana buɗe dasashi, a huda ƙashi a hankali daga ƙaramin abin huda zuwa babba, ruwan gishiri mai sanyi yana ta zuba a wurin. Ruwan nan ba na wanki ba ne kawai. An tabbatar tun 1983 cewa idan zafin ƙashi ya kai digiri 47 na minti ɗaya, ƙwayoyinsa suna lalacewa, mataccen ƙashi kuwa ba ya rungumar ƙarfe. Gaggawar hannu a wannan mataki ita ke kashe dashe tun bai fara ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Gadar haƙoran tana buƙatar wuri, wajen milimita 15 daga ƙashi zuwa bakin haƙori idan ta roba ce mai ƙarfe a ciki, don kada ta yi siriri ta karye, kuma don kada layin haɗuwarta da dasashi ya bayyana idan an yi murmushi. Domin samun wannan wuri sau da yawa sai an fafe ƙashi lafiyayye an daidaita shi. Ƙashin da aka fafe ba ya dawowa. Wanda ya shiga wannan hanya ya shiga ke nan.

Sai maganar da 'yan talla suka fi so, wato haƙora a rana ɗaya. Gaskiya ne ana yi, amma akwai bayani. A tsarin Branemark na asali, ana binne ƙusa a rufe ta da dasashi, a jira wata uku a ƙasa, wata shida a sama. Yanzu idan ƙusoshin sun kama da ƙarfi tun wajen murɗawa, akwai ma'aunin da likita ke dubawa, ana iya ɗaura musu haƙora a ranar. Waɗannan na wucin gadi ne. Riƙon da ƙusa ke da shi a ranar farko irin riƙon noti ne a katako. Daga nan jiki zai fara narkar da ƙashin da aka danne a jikin zaren domin ya gina sabo, don haka a tsakanin mako na biyu zuwa na huɗu tsohon riƙo ya ragu, sabo bai gama zuwa ba. A daidai lokacin ne kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, mutum ya ji garau, ransa ya biya wa ƙilishi. Motsin da ido ba ya iya gani ya isa ya sa tsoka ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙashi, idan ta shiga kuwa sai dai a cire a sake. Wata biyu zuwa uku na farko na kunu ne, da fate, da tuwo mai laushi, da ƙwai, da kifi. Haƙoran dindindin sai bayan wata uku zuwa shida.

Su ma iri-iri ne. Akwai na roba mai tauri a kan sandar titaniyom: ba su da nauyi, sun fi araha, gyaransu da sauƙi, amma suna cinyewa da tauna, suna ɗaukar launi, mai cin goro zai gani da wuri, kuma bayan wasu shekaru sai an sabunta su. Akwai na zarkoniya, wani farin tangaran mai tsananin ƙarfi da na'ura ke sassaƙawa daga dunƙule guda: ba ya rini, ba ya cinyewa da sauƙi, amma ya fi tsada, kuma idan ya tsage galibi sai an yi sabo.

Ba kowa ne aikin ya dace da shi ba, aƙalla ba nan take ba. Mai ciwon suga wanda sugansa ke hawa da sauka yadda ya ga dama, rauninsa ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma suna samun sa da sauƙi. Idan ya daidaita shi, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya yi kyau, sakamakonsa yana kusantar na kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan shiri ne na watanni. Taba sigari tana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, kuma dashe ya fi gazawa a bakin masu sha. Wanda aka yi wa gashin cutar daji da na'ura a kai ko wuya, da wanda ke karɓar magungunan hana zaizayar ƙashi irin su alendronate da zoledronate, musamman ta allura, suna cikin haɗarin ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu bayan tiyata, dole likita ya sani. Yaro ko yarinyar da ba su gama girma ba ba a dasa musu, domin ƙusa tana tsayawa inda aka sa ta, muƙamuƙi kuma ya ci gaba da girma ya bar ta a baya. Tsufa shi kaɗai ba ya hanawa.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Haƙorin da Allah ya halitta ba a manne yake da ƙashi ba, a rataye yake da wasu siraran zaruruwa masu ɗauke da jini da jijiyoyin ji. Su ne ke sa ka ji tsakuwa a shinkafa ka saki baki kafin ta fasa maka turmi. Dashe ba shi da su. Mai shi yana iya tauna da ƙarfin da ya wuce kima bai sani ba, shi ya sa ake samun tsagewar haƙori da kwancewar noti, musamman ga mai gurzar haƙora cikin barci, wanda sai an yi masa abin sawa da dare. Rashin zaruruwan nan kuma yana nufin dasashin da ke kewaye da ƙusa bai kai na haƙori ƙarfin tsaro ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa, haka ne, amma datti yana taruwa a wuyansa, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, daga nan ciwon ya gangara ya fara cin ƙashi. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya ƙiyasta cewa kusan kashi 43 cikin ɗari na masu dashe suna samun kumburin dasashin, kusan kashi 22 kuma ciwon ya kai musu ga ƙashi. Mugun halin wannan ciwo shi ne sau da yawa ba ya zafi. Kafin ƙusa ta fara motsi ƙashin ya riga ya tafi. Wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙoran asali, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Tsaftarsu kuma ta fi ta haƙoran asali wuya. Tsakanin gada da dasashi akwai ɗan sarari, abinci yana shiga, asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Sai da zare na musamman mai ƙarfin baki da ake zurawa ta ƙarƙashi, da ƙananan buroshi masu shiga lungu, ko na'urar feshin ruwa, kullum. Sai komawa wurin likita aƙalla duk wata shida, lokaci-lokaci ya ɗauki hoto, idan ta kama ya kwance gadar ya wanke. Tsohuwar da hannunta ke rawa ko idonta ya yi rauni, wa zai yi mata wannan? Tambaya ce da 'ya'ya ya kamata su yi wa kansu kafin su haɗa kuɗi.

Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne a kowane muƙamuƙi, shi ya sa masu hali ke duban Turkiyya, Masar, Indiya da Dubai. A can akwai ƙwararru na gaske, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayar da aikin kamar haƙorin Makka, wanda alhaji zai zauna a sa masa ya tashi ya kama hanyar gida. Dashe tafiya biyu ce aƙalla, da watanni a tsakani, sannan kulawa ta tsawon rai. Abu mafi ciwo shi ne a kalli bakin mutum mai sauran haƙora takwas ko goma da magani zai iya ceto su, a ce a cire duka a yi sabo fes, saboda hakan ya fi sauri kuma ya fi kawo kuɗi. Haƙorin da aka yi wa aikin saiwa, wato aka wanke cikin saiwarsa aka cike, aka rufe shi da hula yana iya yin shekaru masu yawa, da jinsa da zaruruwansa. Duk wanda aka ce a cire masa haƙoran da ke tsaye, ya nemi ra'ayin likita na biyu wanda ba shi da riba a aikin. A Najeriya kuma ana iya tabbatar da rajistar likita a hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa.

Wanda ya yi aikin a waje kada ya baro asibitin sai da takarda mai ɗauke da sunan kamfanin ƙusar, da samfurinta, da tsawo da kaurin kowacce, da inda aka dasa ta, tare da hotunan sikanin. Kamfanonin dashe suna da yawa ƙwarai, kowanne da irin notinsa da abin kwance shi. Noti ɗaya ya kwance a Kano ko Damagaram, likita bai san na wane kamfani ba ne, gyaran minti goma sai ya zama tikitin jirgi. Kamfanoni irin su Straumann da Nobel Biocare sun fi tsada, amma kayansu sun fi sauƙin samu a ƙasashe da yawa.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da ba a cika tallata ta ba. Ana dasa ƙusa biyu kacal a gaban muƙamuƙin ƙasa, a sa musu kawuna kamar maɓalli, haƙoran roba su riƙa kamawa a kai ƙas, mai su ya cire da dare ya wanke a hannu. Ƙwararrun da suka taru a jami'ar McGill ta Kanada a 2002 sun yi matsaya cewa wannan ne ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori a ƙasa, maimakon robar da ke zaune a kan dasashi kawai. Kuɗinsa bai kusanci na gadar dindindin ba, tiyatarsa ƙarama ce, tsaftarsa kuma tsoho zai iya da kansa. Ƙananan robobin maɓallin suna saki da amfani, sai a canza su lokaci-lokaci.

Shi aka yi wa Gwaggo. Tana da ciwon suga, don haka sai da muka yi wata huɗu muna fama da magani da abinci kafin likitan ya yarda ya taɓa ta, sannan wata uku na jira bayan dashen. Na saman ba a taɓa su ba tunda suna zama. Rake da aya dai har yanzu ba ta kusantar su, likita ya hana. Amma a Sallar da ta wuce, da aka kawo soyayyen nama an yanka ƙanana, ba ta juya baya ba, da haƙoranta a baki ta ci.